Wa Za A Koya Wa Sana'ar Fasa Matattun Kayan Lantarki?

Jama'a, duk wanda ya taɓa zama a Ikko ko Kano ko Kaduna ya san yaron nan da ke ratsa unguwa da hantsi yana tura kura, yana cigiyar gwangwani da tsohon ƙarfe. A da, abin da yake samu bai wuce fasasshiyar tukunya da tsohon kwanon rufi ba. A yau kuwa, in ka leƙa cikin kurar, za ka tarar da talabijin mai ƙeya, da fanka, da matacciyar wayar hannu, da batirin sola, wani lokaci har da firji sukutum. Mu masu gida mukan karɓi 'yan kuɗinmu mu koma ciki muna murnar an rage mana tarkace, ba mu tambayi inda za a kai kayan ba, balle abin da za a yi da su. A wannan makon ina so mai karatu ya biyo ni mu bi bayan kurar, domin akwai batun koyar da sana'a a can wanda hukumominmu suke ta kewaye shi.

Bari mu fara da yawan abin. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya ce a shekarar 2022 kaɗai duniya ta zubar da matattun kayan lantarki tan miliyan 62, kuma kashi 22 cikin 100 ne kurum aka tabbatar an tattara an sarrafa bisa ƙa'ida. A nahiyar Afirka abin bai kai ko kashi 1 cikin 100 ba. Rabon Nijeriya a wannan lissafi ya kai wajen tan dubu 500. Sa'an nan ga na baƙi. Wani bincike da aka yi a tashoshin jiragen ruwa na Ikko a 2015 da 2016 ya gano cewa kimanin tan dubu 60 na kayan lantarki 'yan tokumbo ne ke shigowa kowace shekara, galibinsu daga Turai, yawancinsu an cusa su cikin tsofaffin motocin da ake kawowa sayarwa, kuma fiye da tan dubu 15 daga ciki sun iso ne a mace. Manya za su tuna abin da ya faru a garin Koko na tsohuwar Jihar Bendel a 1988, lokacin da aka jibge dubban gangunan guba daga Italiya a filin wani talaka, har Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta sa aka kwashe su, ta kuma kafa Doka ta 42 mai hukuncin ɗaurin rai da rai. Gubar Koko ta zo ne a rana tsaka cikin ganguna, shi ya sa aka gan ta. Ta yanzu tana shigowa kaɗan kaɗan cikin kwalin talabijin.

To, su wa ke fasa waɗannan kaya? Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutanen da ke ci daga wannan sana'a a Nijeriya ba tare da wata rajista ba sun kai dubu 100. Wanda duk ya zaga bayan kasuwar Alaba, ko kewayen jujin Olusosun a Ojota, ya san harshen da ya fi ji a bakin masu fasa kaya da masu auna ƙarfe, watau Hausa. 'Yan'uwanmu ne da ƙannenmu, waɗanda suka baro gida cin rani, suka sami uban ɗaki ya ba su kura da ɗan jari. Kayan aikinsu guduma ce da sukudireba da ashana. Ba wanda ya taɓa zaunar da su ya gaya musu abin da ke cikin abin da suke fasawa.

Ga kaɗan daga abin da ke ciki. Gilashin bayan tsohuwar talabijin mai ƙeya haɗe yake da dalma, a babba takan wuce kilo guda, kuma yaro yakan rotsa shi ne domin ya ciro jan ƙarfen da ke naɗe a wuyansa, ya bar ɓaraguzan a ƙasa. Tsofaffin talabijin da kwamfutoci masu faifan fuska suna da 'yan siraran ƙwayayen fitila masu zaiba, waɗanda in sun fashe zaibar takan bi iska ta shiga huhu. Robar da ke jikin wayar wuta, in an ƙona ta, baƙin hayaƙinta yana ɗauke da guba mai sa ciwon daji. Firji yana da iskar sanyi da man kwamfaresa, dukansu sai a sake su a banza. Batirin wayar hannu kuwa, in guduma ta huda shi, yana iya kama wuta nan take. Mu mutanen Arewa bai kamata a yi mana dogon bayani a kan dalma ba, domin a 2010 ƙurarta ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, sa'ad da ake niƙa duwatsun zinariya a tsakar gida, sai da Likitoci Na Gari Na Kowa suka gano musabbabin. Dalmar talabijin da ta batir ita ce dai ta Zamfara, kuma haka take bin riga da takalmi ta iske jariri a ɗaki.

Kowa ya yarda ana bukatar horo. Inda nake da ja shi ne wanda ake gayyata. Abin da aka saba shi ne a kama zauren wani babban otal, a tara matasa masu takardun digiri waɗanda ba su taɓa riƙe guduma ba, a yi musu kwana biyu ana magana da Turanci, a raba alawus da jaka da takardar shaida, a ɗauki hoto a watse. Na halarci irin wannan bita a bakin aikina, kuma ban ga mutum ɗaya a zauren ba wanda farcensa ya nuna ya san aikin. A ganina mutumin da ya fi cancantar a koyar shi ne mai fili, watau uban ɗakin da ke riƙe da sikeli da jakar kuɗi. Shi ne yake yanke abin da za a saya da abin da za a bari, shi ne yake cewa a ƙona ko a fere, shi ne yake nuna inda za a kwana da inda za a dafa abinci. Ko ka koya wa yaro sa takunkumi da safar hannu sau goma, in mai gidansa yana biyansa ne bisa kilon jan ƙarfen da ya kawo kafin magariba, to wuta zai hura. Kowa ya ƙona rumbunsa, in ji masu iya magana, ya san inda toka take tsada.

Saboda haka darasin farko ga mai fili ya zama na riba, domin da shi za a sami kunnensa. A koya masa gwada kaya kafin a fasa, don sau da yawa abin da aka sayar masa a matsayin gawa ƙaramin gyara yake bukata, ko kuwa yana da sassa masu rai waɗanda makanikan Computer Village a Ikeja ko na Farm Centre a Kano za su saya da daraja fiye da ta ƙarfe. A koya masa rarrabe allunan cikin na'ura, waɗanda masu sana'ar ke kira fanel. Na wayar hannu da na kwamfuta suna da zinariya da azurfa fiye da na rediyo da talabijin nesa ba kusa ba, amma wanda bai sani ba sai ya zuba su buhu ɗaya, dillali ya saye duka a kan farashin mafi araha. Rahoton 2024 ɗin nan ya ƙiyasta darajar ƙarafan da ke cikin matattun kayan 2022 a kan dala biliyan 91, daga ciki jan ƙarfe biliyan 19, zinariya biliyan 15. Ɗan abin da ke isowa hannun mai fasawa daga wannan dukiya ya danganta ne ga iya tantancewarsa. A kuma gaya masa iyakarsa a fili, cewa ciro zinariya daga fanel aikin manyan masana'antun narka ƙarfe ne irin na Umicore a Beljiyam, kuma duk wanda ya ce zai yi shi da ruwan asid a bayan shago, zinariyar da zai zubar ta fi wadda zai samu, ga huhunsa da zai ƙone.

Bayan riba sai tsarin fili, wanda shi ne ainihin aikin shugaba. Ana fara cire mai cutarwa kafin a taɓa mai kuɗi: batir, da ƙwan fitila, da man kwamfaresa, da gilashin talabijin, kowanne da mazubinsa a ƙarƙashin rufi, a kan daɓen siminti, nesa da rijiya da magudanar ruwa. Wurin cin abinci da na alwala su rabu da wurin fasa kaya, rigar aiki kuma kada ta je gida. A ajiye yashi da abin kashe gobara kusa da inda aka tara batura. Ƙananan yara da mata masu ciki ba su da aiki a wurin ko kaɗan. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar digiri, amma duk suna bukatar a nuna wa mutum da hannu, a cikin filinsa, da kayansa, da harshen da yake ciniki da shi.

Akwai kuma batun littafi, wanda na san zai yi wa da yawa nauyi. Mai fili ya iya rubuta abin da ya shigo, daga hannun wa, nauyinsa nawa, da inda ya tafi, ko da boko ko da ajami. Wannan shi ne garkuwarsa. A watan Janairun 2025 hukumomin Abuja sun hana 'yan bola jari yawo cikin birnin, suka kuma rufe kasuwannin Panteka na mako biyu, bayan da satar murafan magudanan ruwa da wayoyin fitilun titi ta yi yawa. Gaskiya ce akwai ɓarayi a cikin sana'ar, kuma akwai masu saye daga hannunsu da saninsu. Amma ran da hukuma ta fusata, mai gaskiyar da ba shi da rasit ko ɗaya ba shi da abin da zai raba kansa da ɓarawo.

Sai dai fa horo shi kaɗai ba ya kashe wutar, kuma Ghana ta gwada ta gani. A Agbogbloshie ta birnin Accra, inda akasarin ma'aikatan 'yan arewacin ƙasar ne, an kafa injunan fere waya a 2014, kana a 2019 aka buɗe ɗakin koyar da fasa kaya da ƙaramin asibiti da taimakon Jamusawa. Injin fere yana aiki sosai a kan waya mai kauri, amma siraran wayoyi suna cin lokaci, don haka hayaƙi bai daina tashi ba. Abin da ya yi tasiri shi ne gwajin da aka yi na sayen wayar da robarta a kan farashin da ya ɗara abin da mutum zai samu in ya ƙona. Sa'an nan a watan Yulin 2021 gwamnati ta turo motocin rusau suka share filin baki ɗaya, masu sana'ar suka watsu cikin unguwanni, suka ci gaba da aikinsu a inda ba mai ganinsu. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Darasin shi ne dole wani ya biya kuɗin abin da ba ya sayuwa. Gilashin dalma da robar talabijin ba su da mai saye, kuma in ka koya wa mai fili ya tara su alhali ba inda zai kai, to ka mai da filinsa juji ne kawai. A kan takarda muna da maganin wannan. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin kayan lantarki a 2011, aka sabunta su a 2022, kuma sun ɗora wa masu ƙera kaya da masu shigo da su nauyin kwashe su in sun mutu. A 2018 aka kafa ƙungiyar EPRON domin tattara wannan kuɗi, a 2019 kuma aka ƙaddamar da wani shiri na dala miliyan 15 tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka gwada a Ikko. Kamfanoni masu lasisi irin su Hinckley da E-Terra su ma a Ikko suke. Mai fili a Kofar Ruwa ta Kano ko a Maiduguri, wa zai biya masa kuɗin mota zuwa Ikko da kayan da ba za su maido ko sisi ba? Lalle ne duk inda za a buɗe ajin horo a buɗe wurin karɓar kaya kusa da shi, da sikeli da kuɗi a hannu.

Game da masu koyarwa, ba sai an ƙirƙiro sabuwar hukuma ba, muna da su har sun yi yawa. Hukumar NBTE mai kula da ilmin fasaha, wadda aka kafa a 1977 kuma hedkwatarta ke Kaduna, tana da tsarin gwada mai sana'a a kan abin da ya riga ya iya, a ba shi takardar shaida ko da bai taɓa shiga aji ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta riga ta ƙulla irin wannan hulɗa da maƙera da masu walda na tsohuwar Panteka, zamanin Farfesa Idris Bugaje. Abin da aka yi wa mai walda ana iya yi wa mai fasa firji. Asusun ITF da ke Jos tun 1971 yake karɓar kuɗin horo daga kamfanoni, ga kuma ƙungiyar dillalan tsohon ƙarfe ta NASWDEN wadda ta san kowane fili da mai shi. A ɗauko dattawan sana'ar a fara horar da su, su kuma su koyar da na ƙasa da su, a maraice ko bayan sallar Juma'a, ba a lokacin da kasuwa ke ci ba. Takardar da za su samu kuma ta zama tana da amfani, watau da ita ake ba mutum izinin riƙe fili, da ita kuma ma'aikatun gwamnati da bankuna za su san wanda za su sayar wa tsofaffin kwamfutocinsu.

Abin da ya fi gaggawa a cikin manhajar, a ganina, shi ne batirin sola da na inbata. Rashin wutar lantarki ya sa gidaje da shaguna da masallatai sun cika da su a 'yan shekarun nan, kuma irin mai dalma ba ya wuce 'yan shekaru kafin ya mutu ya faɗo cikin kura. Yadda ake yi da shi yanzu shi ne a sare shi da adda, a tsiyaye ruwan a kwata, a narka dalmar a tukunya. Ya kamata a ce ranar farko ta horo mai fili ya fita da sanin cewa batir ba a buɗe shi a fili, ana jera shi ne a tsaye da ruwansa a ciki har motar mai lasisi ta zo ta ɗauka, kuma a gaya masa sunan mai motar da ranar zuwanta da abin da za ta biya.