Harajin barasa ba ya biyan diyyar rai

Matsayin wannan jarida shi ne a tabbatar da haramcin da hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta ɗora wa barasar leda a 2024. Arharta ce ta kai ta tashoshin mota, inda direba kan tsotse leda biyu kafin ya kwashi fasinjoji. Kamfanonin barasa na kukan gwamnati za ta rasa haraji, ma'aikata su rasa abinci. Amma tun 2018 aka ba kamfanonin wa'adin shekara 5 su sake salo, kuma kuɗin shigar ba zai miƙe ƙafar da ta karye a haɗarin mota ba, balle ya raini marayu. Gwamnati ta cire rai daga kuɗin maye, jami'an kiyaye haɗurra kuma su riƙa gwada numfashin direbobi tun daga tasha.