Ranar da Na Ga Sama a Ƙarƙashin Ƙafata

Yau na ajiye muku zancen soyayya gefe, labarin tsoro na zo da shi.

Da na je ganin Yayata da ke aure a Amurka, sai ta ja ni wani wurin wasa, Six Flags Magic Mountain, a jihar Kalifoniya. Ta nuna min wani jirgin ƙarfe da ke alkafura da mutane a sama, ta ce, "Ƙanwata, yau sai kin hau." Na ce, "Yaya, ki rufa min asiri, ko lilon sallah juwa yake sa ni!"

Ban ankara ba na ji ni a kujera, ƙarfe ya danne min cinya. Jirgin ba shi da inji, sarƙa ce ke jan sa har ƙololuwa, daga nan nauyinsa ne ke tafiyar da shi. Muka gangaro da gudun da ya kusa kilomita 90 a awa, iska tana neman raba ni da ɗankwali. Da muka shiga gewayen sai na ji kamar an ɗora min buhun gero, can sai ga ƙafata a sama, bishiyoyi a saitin kaina. Wallahi babu addu'ar da ban ja ba.

Da muka sauko gwiwata na rawa, na ce Yaya me ya hana mu zubowa? Ta ce in tuna yadda muke wulwula guga da ruwa a ciki amma ruwan ba ya zuba. Ga kuma tayoyi sun kama dogon ta sama, ta gefe da ta ƙasa.

Ashe abin da tarihinsa. A 1895 an yi irinsa na katako a Coney Island, gewayensa dagwas kamar faifai, sai ya riƙa ji wa mutane ciwo a wuya. Aka daɗe ana gudun irinsa. Sai a 1976 wasu Jamusawa biyu, Anton Schwarzkopf da Werner Stengel, suka fito da wannan da na hau, mai suna Revolution. Da lissafi Stengel ya gyara gewayen, ya buɗa shi ta ƙasa ya tsuke shi ta sama, yadda nauyin zai hau jiki a hankali.

Nan jikina ya yi sanyi, don ni ce mai ɓoye littafin soyayya a ƙarƙashin benci in malamin lissafi ya shigo, ina cewa me zai tsinana min a ɗakin miji. Ga shi ran nan lissafin wani ne ya dawo da ni ƙasa da wuyana lafiya, da ikon Allah.

Don haka ƙannena 'yan makaranta, ku karanta littattafanmu, ina jin daɗi, amma don Allah a bari sai an tashi daga aji.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum.