Kwasa-kwasan kwamfuta: A daina barin iyaye suna cinikin biri a sama

Wa'adin shekara huɗu da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ɗiba wa shirin 3MTT, na horar da matasa miliyan uku sana'o'in fasahar zamani, yana ta ƙaratowa, domin 2027 ba nisa gare ta ba. An buɗe da mutum 30,000 a ƙarshen 2023, aka ce zubi na biyu 270,000 ne. Ko an cike waɗannan guraben cif-cif, kashi ɗaya cikin goma ke nan na alkawarin. Yaron da bai samu shiga ba kuwa ba zai naɗe hannu yana jiran kira daga Abuja ba. Ya riga ya ji a rediyo cewa arzikin gobe yana cikin kwamfuta, mahaifinsa ma ya ji, don haka sun nufi makarantar da ta fi girman allo a bakin titi, sun biya.

Abin da ake sayar musu shi ne ya sa muka yi wannan rubutu. Kowa ya san irin wuraren: shago biyu ko uku a saman bene, difloma cikin wata uku, ɗalibai sun yi cincirindo a kan na'ura ɗaya, malamin kuma sau da yawa ɗalibin bara ne. Ranar da babu mai a janareto sai a koma allo, a kwafi darasin kwamfuta da biro. Ana koyar da Word da Excel da CorelDraw, kuma ba mu raina su ba, da su wasu ke buga takardu da katin biki suna ciyar da iyali. Laifin yana wajen talla. Ana ce wa yaro wannan takarda za ta kai shi banki, ko ta sa ya riƙa karɓar dala yana zaune a ɗaki. Tun da aka fara zancen ƙirƙirarriyar basira da tsaron intanet, sai aka sake fentin alluna aka ƙara sunayensu, amma na'urorin da malaman na nan yadda suke.

Aikin kwamfuta rassa ne, kowane da ƙofarsa. Mai son aikin haɗa na'urori da layukan sadarwa dole ya taɓa waya da akwatin rarraba intanet da hannunsa, kuma shaidar da kamfanoni suka sani ita ce irin CCNA ta kamfanin Cisco, ko CompTIA A+ ga mai gyara da kula da na'ura. Waɗannan jarrabawowi ba makarantar unguwa ke shirya su ba, farashinsu da dala ake yanka shi, kuma kowa ya san yadda darajar naira ta faɗi tun watan Yunin 2023. Makaranta tana iya shirya ɗalibi, amma takardar da ta buga da kanta ba ita ce waccan shaida ba, kuma da gangan ake barin iyaye cikin wannan ruɗani. Mai son rubuta manhaja da Python ko JavaScript, wata uku ko gaisawa da aikin bai gama ba, kuma mai ɗaukar aiki zai ce ya nuna abin da ya gina kafin a tambaye shi satifiket. Mai son nazarin bayanai yana buƙatar lissafi, da Excel mai zurfi, da SQL. Tsaron intanet da ake ta ɗoki kuwa, wanda bai san yadda na'urori ke magana da juna ba ba shi da abin da zai tsare. Duk makarantar da ta ce za ta haɗa waɗannan duka a kwas ɗaya na 'yan makonni, kuɗi kawai take nema.

Wa ya kamata ya gaya wa mahaifi a Funtuwa ko Azare ko Birnin Kudu wannan? Hukumomi dai ba a rasa su ba. Akwai CPN, majalisar rajistar ƙwararrun kwamfuta, wadda doka ta kafa tun 1993, kuma kula da horon kwamfuta yana cikin aikinta. Akwai NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha, ga hedikwatarta nan a Kaduna, wadda a farkon 2024 ta raba babbar diflomar kimiyyar kwamfuta gida huɗu, shaida ce cewa ta san fannin ya faɗaɗa. Akwai NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa. Buƙatarmu ɗaya ce: a fitar da jerin cibiyoyin da aka tantance, jiha-jiha, da kwas ɗin da aka amince kowacce ta koyar, a karanta shi da Hausa a gidajen rediyo, a manna shi a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma. Kundin da aka ajiye da Turanci a shafin intanet bai kai ga mutumin da zai sayar da tunkiya ya biya kuɗin rajista ba. Ba mu manta da cewa sai da wakilin jaridar Daily Nigerian ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida a 2023 sannan gwamnati ta farga ta dakatar da karɓar takardun Benin da Togo. Shin nan ma sai an yi irin wannan tonon silili?

Masu makarantun za su ce su ne suka cike giɓin da gwamnati ta bari, kuma akwai na kirki a cikinsu. Haka ne, to na kirkin su ne za su fi kowa cin ribar tantancewa, mai gudunta kuwa ya san abin da yake ɓoyewa.

Shi ma shirin 3MTT ba zai tsira daga wannan awo ba. Yawan waɗanda suka yi rajista da hotunan bikin yaye ɗalibai ba su ne ma'auni ba. A faɗa mana, a Kano da Katsina da Sakkwato da Borno, mutum nawa suka kammala, nawa suka samu aiki, a wane fanni, mata nawa ne a ciki. Da wannan ne yaro zai san reshen da ke da kasuwa kafin ya zaɓa. Mun taɓa jin irin wannan kiɗa. Shirin gwamnati na N-Power ma ya zo da sashen koyar da fasaha, aka yi ta yayatawa, ƙarshenta a Oktoban 2023 aka dakatar da shirin, alhali matasa na bin bashin alawus. Kuma wanda ya ce a koyi darasi ta intanet, ya tuna cewa a Satumban 2021 an rufe layukan waya a Zamfara, a Oktoban 2024 yawancin Arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu bayan lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, sannan a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Gwamnonin Arewa da ke yanka zare a cibiyoyin fasaha su leƙa bayan wata shida su gani ko akwai wuta a ciki.

Kafin hukumomi su motsa, iyaye su yi wa kansu gata. Kada a biya kuɗi sai an shiga aji ana tsakiyar darasi, an ƙirga na'urorin da ke aiki. A tambayi wace hukuma ce ta tantance wurin, a ce a nuna takarda. A tambayi wa ke ba da satifiket ɗin, a nemi ganin tsofaffin ɗalibai biyu ko uku da ke cin abinci da abin da suka koya. Mai makarantar da ya ɓata rai don an yi masa waɗannan tambayoyi, a yi masa sallama. CPN da NBTE da NITDA kuwa, muna jiran jerin sunayen nan, jiha-jiha, da Hausa.