Albashin Yuro 3,000 a Jamus: Nawa Mai Gida Ke Kashewa, Nawa Ma'aikaci Ke Gani?

 

Wata gardama ce da aka yi a ɗakin kwananmu na jami'a ta jawo batun wannan mako. Wani abokinmu ya ga tallar aiki a wayarsa, ana neman mai gasa burodi a Jamus a kan albashin Yuro 3,000 a wata. Nan take ya danna kalkuleta ya mayar da kuɗin Naira, ya ga miliyoyi, ya ce shi kam ya gama da karatu. Muka yi ta dariya. Daga baya muka tuna cewa da yawanku ma irin wannan lissafin kuke yi a bayan littafin Maths, shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu warware shi. Za mu fara ta ɓangaren da ba a cika dubawa ba, wato ɓangaren mai ɗaukar aikin.

Mu ƙaddara akwai wata mai gidan burodi a birnin Bon, garin nan da sashen Hausa na DW ke watso shirye-shiryensa. Ciniki ya buɗe mata, tana son ƙarin hannu. Tun daga rubuta tallar doka ta tare ta. Wata doka ta 2006 ta hana nuna bambanci wajen ɗaukar aiki saboda jinsi, shekaru, addini, asali ko naƙasa. Irin tallar nan da muke gani a jikin shaguna, “ana neman budurwa 'yar ƙasa da shekara 25”, a can tana iya kai mutum gaban alƙali, har a sa shi biyan diyya ga wanda bai ma taɓa yi masa aikin kwana ɗaya ba.

Ta sami wanda take so, sun shirya a kan Yuro 3,000. Ba ta da ikon yin ƙasa yadda ta ga dama, domin tun ranar 1 ga Janairun 2015 Jamus ke da mafi ƙarancin albashi. An fara da Yuro 8.50 a awa ɗaya, ya koma Yuro 12 a Oktoban 2022, ya kai Yuro 12.82 a 2025. Ku lura, da awa ake lissafawa, ba da wata ba kamar Naira 70,000 ɗin da aka sa wa hannu a Najeriya a 2024. Wanda ke aikin awa 40 a mako a kan wannan farashi zai tashi da wajen Yuro 2,200 a wata kafin a cire komai.

To, a nan ne lissafin yake daɗi, ku ɗauko biro. A Jamus kowane ma'aikaci yana cikin inshora iri biyar ta dole, kuma huɗu daga ciki raba kuɗinsu ake yi tsakanin mai gida da ma'aikaci. A ƙa'idar 2025, fansho yana cin kashi 18.6 cikin 100 na albashi, kowa ya biya 9.3. Inshorar rashin aikin yi kashi 2.6 ce, kowa 1.3. Ta lafiya kashi 14.6 ce, da wani ɗan ƙari da kowane asusun lafiya ke ɗorawa, wanda matsakaicinsa a hukumance ya kasance kashi 2.5 a shekarar, shi ma a raba biyu. Sai ta kula da tsofaffi da marasa ƙarfi, kashi 3.6, inda mai gida ke biyan 1.8. A kan Yuro 3,000 ke nan mai burodinmu za ta biya Yuro 279 na fansho, 39 na rashin aiki, wajen 256 na lafiya, da 54 na kulawa. Ku haɗa, za ku sami wajen Yuro 628. Wannan kuɗi a saman albashin yake, daga aljihunta. Ta biyar ɗin, inshorar haɗari a wurin aiki, ita kaɗai za ta biya, kuma farashinta ya danganta da haɗarin sana'ar: mai hawa rufin gini ya fi mai zaman ofis tsada. Idan aka ƙara wasu ƙananan kuɗaɗe na dole, ma'aikacin Yuro 3,000 yana cin mata kusan Yuro 3,700 kowane wata.

Shi kuma gogan naku da ya danna kalkuleta fa? Shi ma za a cire masa irin wancan Yuro 628 ɗin, kuma idan ya haura shekara 23 bai da ɗa ko ɗaya, a ƙara masa kashi 0.6 a inshorar kulawa. E, gwauro ya fi mai iyali biya, hujjarsu ita ce 'ya'yan wasu ne za su riƙe asusun idan ya tsufa. Sai harajin albashi, wanda ba ya ma ganin kuɗin, mai gida ce ke cirewa ta tura wa gwamnati. Abin da zai faɗo asusun bankin saurayi marar iyali bai fi Yuro dubu biyu da 'yan kai ba. Daga ciki zai biya hayar ɗaki, wuta, abinci da mota, duka da Yuro. (Akwai ma harajin coci, kashi 8 ko 9 na harajin albashin mutum, amma wannan sai wanda ya yi rajista a matsayin ɗan cocin da ke karɓarsa, Musulmi ba ya biya.) Mai gida ta fitar da kusan 3,700, ma'aikaci ya ga 2,000 da ɗoriya. Wannan tazara ita ce abokinmu bai gani a waya ba.

Kada ku ce zalunci ne kafin ku ji abin da kuɗin ke saye. Tsarin ya samo asali ne tun zamanin Otto von Bismarck, wanda ya kawo inshorar lafiya a 1883, ta haɗari a 1884, ta tsufa a 1889. Ba don tsabar tausayi ya yi ba, so yake ya janye ma'aikatan masana'antu daga 'yan gurguzu da ke ƙara ƙarfi a lokacin. Ta rashin aiki ta zo a 1927, ta kulawa kuma sai a 1995. Yau idan mai gasa burodin nan ya kwanta rashin lafiya, mai gida za ta ci gaba da biyansa cikakken albashi har mako shida, bayan nan asusun lafiya ya karɓa ya riƙa ba shi wani kaso. Yana da hutun shekara na aƙalla kwana 20 idan kwana biyar yake aiki a mako, ko 24 idan shida ne, kuma da albashinsa. Dokar ƙwadago ta Najeriya kwana shida ta tanada bayan shekara guda, ku kwatanta da kanku. Aikin yini awa takwas ne, ana iya kai shi goma idan za a rama masa daga baya, kuma dole a bar shi ya huta awa 11 kafin ya dawo.

Wani abu da ya burge mu shi ne batun haihuwa, 'yan mata ku saurara. Mace mai ciki tana hutawa mako shida kafin haihuwa da mako takwas bayanta, kuma ba a korarta tun daga ɗaukar ciki har wata huɗu bayan ta sauka. Da an bar wa mai gida wannan nauyi shi kaɗai, da yawa za su guji ɗaukar mata. Sai aka yi dabara: duk masu ɗaukar aiki suna zuba wani ɗan kaso a asusu ɗaya, har wanda maza zalla ke masa aiki, sai a mayar wa wanda ma'aikaciyarsa ta haihu kuɗin da ya kashe. Kamar adashi ke nan, sai dai wanda buƙata ta sama shi ke kwasa.

Sallama ita ce inda masu gida suka fi kuka. Wata shida na farko ana iya ɗaukarsu a matsayin gwaji, inda notis na mako biyu ya isa. Bayan nan notis ɗin mako huɗu ne, yana ƙaruwa da daɗewar ma'aikaci har ya kai wata bakwai ga wanda ya shekara 20. Dole a rubuta takarda a sa hannu da biro. Saƙon waya ko imel ba ya korar kowa. Idan kuma wurin yana da ma'aikata fiye da goma, sai an kawo dalili mai ƙarfi, kuma wanda aka sallama yana da mako uku ya kai ƙara kotun ma'aikata. “Tattara kayanka ka bar min shago” ba ta aiki a can.

Mu dai a ganinmu wannan tsari yana da kyau, amma yana da nauyi, kuma bai kamata a ɓoye muku hakan ba. Mai ƙaramin jari zai yi tunani sau goma kafin ya ɗauki mutum ɗaya. Wasu sukan koma ga abin da ake kira Minijob, ɗan aikin da albashinsa bai wuce Yuro 556 a wata ba a 2025, inda ma'aikaci kusan ba a cire masa komai, mai gida kuma ya biya wajen kashi 30 a dunƙule. Wasu kuma sukan bi ta bayan fage, su ɗauki mutum ba rajista su biya shi a hannu. A nan ne 'yan ci-ranin da suka shiga ba takardu ke faɗawa. Wanda ke irin wannan aiki ba fansho ake tara masa ba, ba shi da katin asibiti ta hanyar aikin, kuma ranar da aka hana shi kuɗinsa tsoron a kama shi zai hana shi kai ƙara. Jami'an kwastan ne ke farautar irin wannan, suna dirar mikiya a wuraren gini da gidajen abinci. Tarar ƙin biyan mafi ƙarancin albashi tana iya kai wa Yuro 500,000, ƙin tura kuɗin inshorar ma'aikata kuma laifi ne da ke iya kai mai gida kurkuku har shekara biyar. Duk dillalin da ya ce muku “kai dai ka isa, aiki na jiranka”, ku tambaye shi wane irin aiki yake nufi daga cikin waɗannan.

Sa'o'inku na can fa? Yaron da bai kai 15 ba ba a ɗaukarsa aiki, sai dai daga shekara 13 a bar shi ɗan aiki marar wahala kamar rarraba jarida, awa biyu a rana da yardar iyaye. Daga 15 zuwa 17 ba ya wuce awa 40 a mako, kuma a mafi yawan sana'o'i ba ya aiki bayan ƙarfe takwas na dare. Da yawansu idan sun gama makaranta sukan shiga koyon sana'a da ake kira Ausbildung, shekara biyu zuwa uku da rabi, wasu kwanaki a kamfani wasu a aji, ana biyansu tun watan farko, a ƙarshe su fito da takardar shaida. Mai gasa burodin da aka yi tallar nemansa a wayar abokinmu, irin wannan takardar za a fara tambayarsa, kuma karatun da Jamusanci ake yin sa.

Ga aikin gida ga 'yan ajin Commerce da Economics. Dokar fansho ta Najeriya ta 2014 ta ce mai ɗaukar aiki ya zuba aƙalla kashi 10, ma'aikaci kashi 8. A ƙaddara duk albashin ake lissafawa, ku fitar mana da abin da ma'aikacin Naira 70,000 ke cin mai gidansa a wata, da abin da ya rage masa bayan an cire nasa kason. Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku da ajinku, za mu buga sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.