Kakakin Da Ba Ya Jin Hausa

Duk wanda ya tashi a Ƙofar Dumi cikin birnin Bauci ya san ba a busa wa talaka kakaki. In aka ji amonsa daga wajen fada, to, Sarki ne ya fito. Wannan suna ne gidan telebijin na AIT ya ara ya raɗa wa shirinsa na safe, inda ake tattauna siyasa da sha'anin kuɗi, kuma ya kamata 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Fatakwal su tambayi kansu, shin wa ake busa wa?

Telebijin ya fara aiki a Badun a 1959, ya iso Kaduna a 1962, sa'an nan a 1977 mulkin soja ya tattara tashoshin a ƙarƙashin NTA. A wancan zamani gwamnati ce mai tambaya, ita ce kuma mai ba da amsa. Sai da aka kafa doka ta 38 a 1992 aka yarda wa 'yan kasuwa su buɗe nasu gidajen, har marigayi Raymond Dokpesi ya kafa rediyon Raypower a 1994, ya bi shi da AIT a 1996.

Tsarin shirin Kakaaki ba shi da wuyar ganewa. Masu gabatarwa su buɗe da kanun jaridu, a kawo minista ko ɗan majalisa ko masanin tattalin arziki a yi masa tambayoyi, a duba darajar naira da halin kasuwa. Daga baya aka ƙara wani sashe na karanta abin da jama'a ke rubutawa a intanet. Wannan sashe yana cikin dalilan da hukumar NBC ta kawo sa'ad da ta dakatar da lasisin gidan a watan Yunin 2019, kafin kotu ta sa baki washegari. Lalle shirin da har hukuma ta ji zafinsa ba abin rainawa ba ne, mun kuwa yaba masa a kan haka.

Amma fa da Turanci ake yin komai. A watan Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun, dillalan abinci da na shanu suka tsai da lodi zuwa Kudu, tumatir da albasa suka yi tsada a Ikko. Dukiyarmu ce ta ƙone, motocinmu ne suka tsaya, amma muhawarar da aka yi ta yi a manyan tashoshi ba da harshenmu aka yi ta ba. Haka aka sake yi lokacin canjin kuɗi a farkon 2023, da kuma janye tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar. Mai sayar da goro a Agege yana kallon bakin masu kwat yana motsi, alhali kuwa maganar jarinsa ake yi, da ɗan abin da yake aika wa iyalinsa a gida ƙarshen wata.

Kada wani ya ce Hausa ba za ta ɗauki irin wannan zance ba. Shekara da shekaru Rediyon Kaduna yana zaunar da shugabanni a shirin Hannu Da Yawa suna amsa tambaya da Hausa, tashar Arewa24 kuma, wadda aka buɗe a 2014, ta nuna da shirinta na Gari Ya Waye cewa akwai masu kallon safe. Abin da ya yi ƙaranci shi ne zama na sa'a guda, a kan kuɗi da mulki, wanda ɗan siyasa bai sayi filinsa ba. Filin da aka saya ai roƙo ne, ko da kuwa marokin ya sa tabarau.

Muna kira ga gidan telebijin na Jihar Bauci da tashar NTA ta Bauci su gwada. A zaunar da kwamishina kusa da dillali daga kasuwar Muda Lawal, a tambaye shi nawa direba ke biya a shingayen hanya daga Bauci zuwa Ikko, kuma aljihun wa kuɗin ke shiga. A buɗe waya ga 'yan ci-rani su yi tasu tambayar daga Sabo da Mile 12. Ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu na Kudu kuwa suna da ƙarfin ɗaukar nauyin shirin da tallarsu, in sarakunan Hausawa na can suka haɗa kansu a kan wannan magana.