Duhun hunturu da lafiyar jami'an Najeriya a ƙasashen waje

A kowace shekara gwamnatin tarayya na tura jami'an diflomasiyya da ɗalibai zuwa biranen arewacin duniya. Ana yi musu tanadin masauki da alawus, ana gargaɗinsu game da tsananin sanyi, amma ba kasafai ake ja musu kunne a kan ƙarancin hasken rana ba.

Wanda ya saba da Abuja, inda ko a watan Disamba yini ke haura sa'a 11, zai sauka Landan ya tarar da yinin da bai cika sa'a 8 ba, rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma. A Stockholm kuwa yinin kusan sa'a 6 ne. Ma'aikaci ya tafi ofis da duhu, ya koma gida da duhu, har tsawon watanni.

Wannan yanayi kan jefa wasu cikin ciwon damuwa mai zuwa da hunturu ya tafi da bazara. A 1984 ne likita Norman Rosenthal da abokan aikinsa a Cibiyar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa a Amurka suka fayyace shi. Rosenthal ɗin ɗan Afirka ta Kudu ne, kuma shi da kansa ya ɗanɗani canjin bayan ya koma Amurka. Hasken da ke shiga ido da safe shi ke daidaita agogon jiki, ya kuma dakatar da sinadarin melatonin mai kawo barci. Idan hasken ya yi ƙaranci, agogon kan rikice, mutum ya wayi gari da kasala, yawan barci, kwaɗayin abinci mai sitaci da zaƙi, ƙarin ƙiba da gudun jama'a.

Haɗarin shi ne a al'adarmu ta aiki irin waɗannan alamu kan zama laifi. Shugaba ya kira su lalaci, iyali a gida su ce kewa ce, mai ciwon kuma ya yi shiru don tsoron kada abin ya shiga fayil ɗinsa. Ta haka jami'i mai ƙwazo kan rasa ƙarin girma, ɗalibi ya faɗi jarrabawa, a kan lalurar da ke da magani.

Maganin ba mai tsada ba ne. Likitoci kan ba da shawarar zama na kimanin minti 30 kowace safiya gaban fitila ta musamman mai ƙarfin lux 10,000, wadda ta ninka hasken ofis sau da dama. Fita tattaki da rana, ko da gari ya lulluɓe da gajimare, na taimakawa. Idan abin ya yi tsanani, akwai ganawa da masanin halayyar ɗan Adam da kuma magunguna. Duk da haka, sai da shawarar likita, musamman ga mai ciwon ido ko wata lalurar ƙwaƙwalwa.

Tun a Janairun 2023 aka sanya hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Ya kamata manufarta ta bi ma'aikaci duk inda aka tura shi. Ma'aikatar Harkokin Waje da hukumomin tallafin karatu su sanya wannan batu cikin bitar da ake yi kafin tafiya, inshorar lafiya ta haɗa da ganin likitan ƙwaƙwalwa, shugabannin ofisoshin jakadanci kuma su ba ma'aikata damar fita da tsakar rana daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Wanda ya kai kukansa a rufa masa asiri, kada a hukunta shi.