La'adar da ake ɓoye maka

1/ Masu aikin kwantiragi ta hannun kamfanonin dillancin ma'aikata, ku matso. Ko a karar Wudil, mai saniya yana tambayar la'adar dillali. Kai me ya hana ka?

2/ Misali: ana biyan dillali ₦500,000 duk wata saboda aikinka, ya turo maka ₦350,000. Zai ce kashi 30 kacal ya cira. Amma ₦150,000 a kan ₦350,000 ɗinka, kusan kashi 43 ne fa.

3/ Eh, su suka nemo aikin, wani lokacin su biya ka kafin a biya su. Su ci haƙƙinsu. Amma nemowar sau ɗaya ce. Don me yankan zai zauna daram shekara guda?

4/ Kafin ka sa hannu, tambayi nawa ake biya a kanka. In sun ce sirri ne, yanka naka farashin ka tsaya a kai. Ranar sabunta kwantiragi, nemi su rage kasonsu. Yanzu mai aikin hannunka ya sani, canza ka asara ce gare su.

5/ Wallahi "kar a ce na cika son kuɗi" ɗin nan ke cutar mu. Kunya ba ta biyan kuɗin haya.